Titsiyen Baba Ɗigo

Ranar wata Talata ce, ruwa aka wuni ana yi. Tun da hantsi hadari ya haɗo ya rufe gari, kai ka ce magariba ta yi, sannan aka kece da shi kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar kwatoci sun cika sun tumbatsa, motoci sun yi cirko-cirko a titi, masu tebur sun kwashe kayansu sun raɓe a barandar shaguna. A ranar ce babban bututun da ke kwashe ruwan rufin wani ofis mai hawa huɗu ya ɓalle a gwiwarsa, ruwa ya yi ta kwarara cikin ɗakin ƙasa inda ake ajiye tsofaffin fayiloli. Kafin a farga, takardun shekara da shekaru sun jiƙe sun narke, wasu suna yawo a kan ruwa kamar ganye.

Wanda ya fara shiga ruwan nan shi ne mai gyaran famfon ofishin, dattijon da kowa ke kira Baba Ɗigo. Ya naɗe wando, ruwa iya cinyarsa, ya toshe ɓarakar da tsumma da roba, ya wuni yana miƙo fayiloli sama. Da yamma ya koma gida yana rawar sanyi. Bai san cewa shi ɗin ne kuma za a fara nema da laifin ba.

Sunan nan na Ɗigo dalili biyu gare shi. Na farko kunnensa ne. In ruwa yana ɗiga a cikin bango, sai ya tsaya ya karkata kai, ya nuna da yatsa, a fasa a tarar nan ɗin ne. Na biyu kuwa bakinsa. Yana da in'ina tun yana yaro, maganarsa ɗigo-ɗigo take fitowa, marar haƙuri ba ya jin ƙarshenta. Abokan aiki sukan zolaye shi su ce, "Baba, in gobara ta tashi don Allah kada kai ka yi shela, kafin ka gama faɗa mun zama toka." Shi ma dariya yake yi. In an ƙyale shi ya bi a hankali, maganar takan fito sumul. In aka hanzarta shi, sai ta maƙale gaba ɗaya, kamar bututun da tsumma ya toshe.

Ubansa mai haƙar rijiya ne. Shi kuwa Baba Ɗigo shekara biyu kawai ya yi a makaranta, yara suka yi ta kwaikwayon maganarsa har ya ƙi komawa. Ya fito da sanin lambobi, haruffa kuwa sai dai ya gaishe su daga nesa. Aka kai shi wurin wani mai gyaran famfo, mutum mai faɗa amma gwani, a nan ya koyi riƙe sifana da yanka bututu da naɗa zare a bakin mahaɗi. A nan kuma ya ɗauko wata ɗabi'a da bai taɓa bari ba. Maigidan nasa yakan ce masa, "Kai da bakinka ba ya gudu, ka sa bango ya riƙe maka magana." Saboda haka duk lokacin da ya ga ɓarnar da ta fi ƙarfinsa, irin wadda sai an kawo sabon kaya, in ya kai maganar wurin na sama da shi, sai ya dawo ya ɗauki ƙusa ya karce kwanan wata a jikin bango kusa da wurin, ya zana wata 'yar alama ta wanda ya faɗa wa. Ba don shaida yake yi ba. Don dai ya san yaushe ya je ne, kada ya koma da wuri a ce ya cika naci. Shekara talatin da ɗaya yana ofishin nan, saura wata biyar ya ajiye aiki, ba a taɓa kiransa an ce ya yi ba daidai ba.

Kalmar titsiye kuwa a gida ya san ta. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta a bakin taga, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga. Ita ce mai titsiye a gidan. In ɗa ya ƙi shan magani, sai ta ajiye almakashi ta tsaya a kansa da cokali, ba zagi, ba duka, ba kuma tafiya, sai ya haɗiye. In Baba Ɗigo ya ce ba ya jin yunwa, sai ta zauna gabansa ta zuba masa ido har ya sa hannu a kwano. Da 'yarsu ta fari ta so barin makaranta, titsiye ta uwar ta yi har ta gama, ga ta yau malama ce tana koyar da 'ya'yan wasu. Don haka a kunnensa titsiye ba mugun abu ba ne. Wani ne ya tsaya a kanka ya ƙi gusawa sai ka yi abin da zai amfane ka. Yakan ce da maƙwabta yana murmushi, "Ni ai ti-titsiye ne ya raya ni."

Kwana bakwai bayan ruwan, masinjan ofis ya same shi a bayan gini yana wanke tanki, ya miƙa masa ambulan.

"Baba, an kafa kwamiti kan fayilolin nan. Jibi za su titsiye ka."

Baba Ɗigo ya goge hannu a jikin riga, ya yi dariya. "Ai na sa-saba."

Masinjan bai yi dariya ba. Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Baba, wannan ba irin na Mama ba ne. Mai Tabarau ya riga ya shiga jiya. Ya ce ba ka taɓa gaya masa bututun ya tsage ba."

Mai Tabarau shi ne shugaban sashen gyare-gyare, wanda duk maganar Baba Ɗigo ke ƙarewa a teburinsa. Baba Ɗigo ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa. Sau nawa ya hau bene ya tsaya a bakin ƙofar mutumin nan? Kullum amsar ɗaya ce, ko kai ba ya ɗagowa: "To Baba, na ji, za a duba."

Da la'asar 'yar tasa malama ta zo gida. Ta karanta takardar, ta sake karantawa, ta ninke ta a hankali.

"Baba, sun ce ka je ka ba da bahasi kan sakaci da aiki. In suka tabbatar, kora ce, ba ritaya ba."

"Kora?" in ji uwar, ta cire ƙafa daga kan keke. "Bayan shekara talatin da ɗaya? Wa ya shiga ruwan ranar nan, su ne?"

"Ta-tambaya ce kawai," in ji Baba Ɗigo. "Sai in faɗa musu gaskiya."

'Yar ta girgiza kai. "Baba, tambaya daban, titsiye daban. Mai tambaya bai sani ba ne, so yake ya sani. Mai titsiye na ofis kuwa da amsarsa ya zo a aljihu, so yake ya ji ta daga bakinka. Abu ɗaya za su yi ta maimaita maka ta gaba ta baya, ba za su bar ka ka numfasa ba, har ka gaji ka ce e."

"To ai an zo gidan sana'ar," in ji uwar, ta miƙe. "Ni da na shekara talatin da biyar ina titsiye shi, su wa za su nuna mini? Maigida, zauna nan. Ke, ja kujera, ke ce sakatariya."

Ta sa tabaranta na zura allura, ta buga almakashi a kan tebur.

"Kai ne mai famfo?"

"Ni-ni ne."

"Kai ka fasa bututu?"

"Haba, ke kuwa..."

"Babu ke a nan! Ranki ya daɗe za ka ce. Da wa ka haɗa baki?"

"Da ruwan sama, ranki ya daɗe."

'Yar ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma da uwar ta ƙara wuta, tana jefo tambaya kan tambaya ba ta jiran amsa, sai wasan ya daina zama wasa. Haɓar Baba Ɗigo ta kama rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, harafi ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro ya ƙi gaba ya ƙi baya. Matar ta tsaya cik. Ta cire tabaran, ta ajiye almakashin a hankali kamar mai tsoron ya yi ƙara.

"Maigida, ji nan," ta ce. "Kada ka yi tsere da su, ba za ka ci ba. In sun hanzarta ka, yi shiru ka ƙirga uku. Kuma kada ka dangwala yatsanka a kan abin da ba ka faɗa ba, ko da za su wuni a kanka."

Zanen bangon nan ko faɗo masa a rai bai yi ba. A ganinsa wannan ba abin nuna wa masu ilimi ba ne. Kuma tun ranar ruwan an garƙame ɗakin ƙasa, an karɓe makulli.

Ɗakin taron yana hawa na uku. Dogon tebur ne, fanka tana juyawa a sama, sai kujera ɗaya da aka ajiye can tsakiyar ɗaki, nesa da tebur, inda mutum ba shi da abin dafawa. Mutum uku ne a kwamitin. Shugabar wata dattijuwa ce mai furfura, ba ta cika magana ba. A damanta wani mai ƙiba da ke yawan duba agogo. A hagunta wani matashi mai ƙwanƙwasa biro a tebur, shi ne mai tambayar. Mai Tabarau yana gefe kusa da taga, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Da Baba Ɗigo ya zauna, abin da kunnensa ya fara ji shi ne famfon banɗakin da ke jikin ɗakin yana ɗiga. Shi ya sa famfon nan da hannunsa. Ya ce a ransa roba ce ta cinye.

"Aikinka ne kula da bututun nan?" in ji Mai Biro.

"E."

"Ka san ya tsage?"

"Na sa-sani."

"Ka sani, ka bar shi."

"A'a, na fa-fa..."

"Ka gyara ko ba ka gyara ba? E ko a'a."

"Ba-ban..."

"Bai gyara ba. A rubuta."

Haka aka yi ta yi. Tambaya ɗaya ce, sai dai a canza mata riga a sake turo ta. Yaushe ka gani? In ka gani me ya hana ka gyara? In ba ka iya ba me ya sa kake riƙe da aikin? Ashe kenan ka yarda ba ka iya ba? Duk lokacin da ya ɗauko zaren magana, kafin ya kai tsakiya an datse. Gumi ya jiƙa masa baya duk da fankar. Ya dubi fuskokin nan ko zai ga irin idon matarsa in ta tsaya a kansa da cokali, bai gani ba. A nan ya gane cewa kalmar da ya rayu da ita tana da wata fuskar. Na gida ana tsaya maka ne don ana son ka. Waɗannan so suke su gama da shi su tafi cin abinci.

"Ka ce ka faɗa," in ji Mai Biro. "Magana iska ce. Ka rubuta rahoto?"

Baba Ɗigo ya yi shiru. Famfon banɗaki ya ɗiga sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Na rubuta."

Mai Tabarau ya sauke ƙafa, ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, mutumin nan ko sunansa ba ya iya rubutawa. Dangwale yake yi."

"Ina takardar?" in ji Mai Biro.

"Ba ta-takarda."

"Ka rubuta, amma babu takarda. To ga ƙarya kuma ta hau kan sakaci. A ina ka rubuta, Baba, a kan ruwa?"

"A bango."

Har mai ƙibar sai da ya yi dariya. Ya dubi agogo, ya ce rana ta yi, a ba dattijo ya dangwala a tashi. Aka turo takarda da tawada zuwa bakin tebur. Mai Biro ya karanta da sauri, wai mai famfo ya amsa cewa ya san da tsagar, bai gyara ba, kuma babu rahoto.

Baba Ɗigo ya dubi babban yatsansa. Ya miƙe, suka ɗauka teburin zai nufa. Sai ya ɗauki kujerar da aka titsiye shi a kanta, ya kai ta bakin ƙofa, ya ajiye, ya zauna, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin hammata. Bai rufe ƙofar ba, bai ɗaga murya ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana bin ɗigon famfo, kalma bayan kalma. "Awa biyu ana ta-tambayata. Ni abu ɗaya nake roƙo. A sauka ƙasa."

"Baba, dangwala mu tashi," in ji mai ƙibar.

"A sauka."

"Ka san abin da kake yi kuwa?" in ji Mai Biro. "Wannan raina kwamiti ne."

"A sauka."

"Za mu kira masu gadi."

"A kira. Su ma a sauka da su."

Abin mamaki, kalmar nan ko sau ɗaya ba ta maƙale masa ba. Bai kuma gusa ba. Babu zagi, babu faɗa, babu kuma tafiya. Shugabar, wadda tun safe ba ta furta kalma goma ba, ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta rufe fayil ɗin da ke gabanta.

"Yau ga wanda muka kira don titsiye ya titsiye mu," ta ce. "Ku tashi. Gani ya kori ji."

Makullin yana jakarta. Suka sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, Baba Ɗigo a gaba da tocila. Ɗakin ƙasa yana warin ruma, kantocin ƙarfe sun fara tsatsa. A jikin bango ga shatin inda ruwa ya tsaya. Sai ya ga duk abin da ke ƙasa da shatin ya ɓare tare da siminti. Ya ɗaga tocila sama, bayan bututun, inda sai mutum ya leƙa. Zane-zanen nasa suna nan. Layi bakwai, kowanne kwanan wata da lambobi karkatattu, mafi tsufa ya shekara uku. A gefen kowanne an zana 'yan zagaye biyu da ɗan sanda ya haɗa su.

Shugabar ta karɓi tocilar ta matsa kusa. "Waɗannan zagaye biyun fa, Baba, mene ne?"

Baba Ɗigo ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi nuna mutum da yatsa a gaban jama'a. Bai ma buƙaci magana ba. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka dubi Mai Tabarau. Shi kuma, bai san lokacin da ya kai hannu ya cire tabaransa ya sa a aljihu ba.

"Ai yana iya karce su jiya," in ji Mai Biro, amma muryar ba ta da ƙarfin ɗazu.

"Makullin yana hannuna tun ranar ruwan," in ji shugabar. Ta shafa bangon da yatsa. "Kuma duba nan. Fentin bara ya hau kan huɗu daga ciki."

Da suka hau, da hannunta ta ɗauke takardar nan daga bakin tebur.

Da ya isa gida, matarsa tana bakin ƙofa, ɗinkin da ta ɗauka tun safe yana nan yadda yake.

"Yaya, Maigida? Sun titsiye ka?"

"Sun yi. Ni ma na yi musu irin na-naki."

"Da cokali?"

"Da kujera."

Ta yi dariya har ta zauna a dokin ƙofa, daga nan dariyar ta koma hawaye, ta share da bakin mayafi, ta ce ya shiga ya ci abinci kada ya ja ta tsaya a kansa.

Da rahoton kwamiti ya fito, bai kama sunan kowa ba. Tsufan bututu aka ɗora wa laifin, da ƙarfin ruwan sama. Aka mayar da Mai Tabarau wani reshe, ya tafi bai ce wa Baba Ɗigo ya yi haƙuri ba, shi ma bai jira ba. Ya cika watanninsa biyar. A makonsa na ƙarshe ya hau hawa na uku da sifana, ya canza robar famfon nan na banɗakin ɗakin taro, ya tsaya ya saurara har ya tabbata ya daina ɗiga. Aka ba shi takardar ritaya mai kyau, 'yarsa ta sa ta a gilashi.

Abin da ranar ta bar masa shi ne, har yau in wani ya ce masa "e ko a'a," ko da wasa ne, sai ka ga fuskarsa ta canza. Ruwan da ya wuni a ciki kuma ya bar masa tari da ke tashi duk damina.

Yanzu Baba Ɗigo yana nan a gidansu mai ɗaki biyu, bayan layin masu facin taya. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, na dama yana ji. Maƙwabta suna kiransa in famfonsu ya lalace, yana zuwa da ƙusa a aljihu. Matarsa tana nan da kekenta a bakin taga, safe da yamma tana titsiye shi ya sha maganin tari, yana sha.